Juyen Mai a Ƙofar Gidan Ƙanena

Na san abin da ake gaya muku. An ce muku gonarmu ta Dutsi ce ta shiga tsakanina da Baffanku Idi, wasu kuma suka ce matanmu ne suka haɗa mu. Duk ƙarya ne. Gonar nan muna dariya muka raba ta, matanmu kuwa har Kulu matar Idi ta koma ga Allah ba su taɓa ɗaga wa juna murya ba. Abin da ya shiga tsakaninmu juyen man mota ne, abin da ya ja ni kuwa kishi ne tsagwaronsa, irin wanda ake cewa sai mata. To ga ni namiji da gemuna, na yi shi, kuma ba tuba na zo yi muku a takardar nan ba. So nake ku ji yadda abin ya kasance daga bakin wanda cikinsa ya ƙuna, tun da sauran numfashina.

Ku ƙananan ba ku san ni a kan sitiyari ba, a rumfar hatsi kuka buɗe ido kuka gan ni. Amma ƙuruciyata duk a babbar mota na ƙare ta, Daura zuwa Kano, Daura zuwa Damagaram, har ciwon baya ya sauke ni. Idi ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne yaron motata. Bai san hagu da daman sifana ba lokacin da na ɗauke shi. Ni na koya masa komai, da baki da ranƙwashi. Ban taɓa yarda bakanike ya yi wa motata juye ba, a ƙofar gida muke yi, ni da shi, kwance a kan buhu. Da ya yi aure sai wani ɗan kasuwa a Mashi ya ba shi tuƙi, ya tattara ya koma can.

Yayanku shi ne ɗan farina, kun kuwa san yadda muka taso. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama su yi hira. In ya shigo ɗaki sai ka nemi abin da za ka fita yi. Har yau ɗin nan bakina bai saba da sunansa ba, kun ga a takarda ma yayanku nake ta cewa. Da aka yaye shi, Idi ya shekara da shekaru da aure ba haihuwa, sai mahaifiyarmu Iya ta ce a kai masa yaron. Ban yi musu ba, ban ma ji komai ba a lokacin, don haka kowa yake yi. In zan yi maganarsa sai in ce na wajen Idi. Yaro ya tashi yana kiran Idi Baba, ni kuwa yana ce mini Yaya, saboda abin da ya ji ana kirana ke nan a gidansu. Mutane su yi ta dariya, ni ma ina taya su. Da na sauke farali ya koma ce mini Alhaji, shi ke nan aka zauna a haka.

Duk tsawon zamansu a Mashi lafiya lau nake, don ba na gani. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu ne Idi ya bar tuƙi ya dawo Daura, ya sayi gida a bayan Kusugu, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba daga gidanmu. Yayanku ya riga ya zama magidanci, yana sayen hatsi da awaki a kasuwannin ƙauye. Damina na wucewa ya sayi a-kori-kura, fara, mai shan gas, ta hannu ce amma da sauran ƙarfinta. Ran da ya kawo ta ƙofar gidan nan unguwa ta cika. Iya da sandarta ta fito tana guɗa, tana cewa maigidanta ya yi mota, ita za a fara ɗauka. Ni kuwa na fito zaure, na dube ta ta gefen ido kamar akuyar maƙwabta ce ta wuce.

"Allah ya tsare," na ce, na koma ciki.

Abin da na faɗa ke nan a fili. Amma wallahi ina shiga na manna ido a kafar ƙyaure kamar ɓarawo, ƙirjina kamar ya fashe don daɗi. Da ya tayar da ita zai tafi na kasa kunne. Direba ba ya tsufa a kunne. Na ji injin lafiyayye ne, sai dai yana da wata 'yar ƙara busasshiya, irin ta motar da ta daɗe ba a yi mata juye ba. Take na ce a raina, to ga ƙofa Allah ya buɗe mini. Ba zan iya zama in yi hira da shi a kan tabarma ba, amma a ƙarƙashin mota ai ba hira ba ce, aiki ne. Ba mai kallon fuskar wani, kowa sama yake kallo. In ce miƙo kaza, ya miƙo. Abin da nake so ke nan a duniya, in kwanta gefen ɗana mu yi wa motarsa juye.

Na jawo akwatin kayan aikina daga ƙarƙashin gado, na goge sifanu da kananzir ɗaya bayan ɗaya. Na sa aka share ƙofar gida, na daidaita ƙasar wurin da kaina don mota ta tsaya sosai. Sai maganar aike. Mahaifiyarku ba ta isa ba, kunyarta ta fi tawa, ita ko hanyar da ya bi ba ta kallo. Sai na je wurin Iya, tunda ita kaka ce, da wasa da dariya za ta faɗa masa komai.

"Iya, in yaron nan ya zo gaishe ki, ki ce masa man motarsa ya yi baƙi."

"Shi ke nan saƙon?"

"Shi ke nan."

"In ce ya kawo ta nan?"

"Ni ban ce ba. Ai yana da hankali."

Kun ji wautar. Kalma ɗaya ce, kawo, ta gagari bakina, don in na ce kawo kamar na nuna ina so ne, uba kuwa ba ya nuna yana son ɗan fari. Iya ta isar da saƙo yadda na ba ta. Yayanku ya ce to, ya gode, Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Na yi ta jira. Duk ƙarar motar da na ji sai in gyara zama a zaure in yi kamar ina jan carbi.

Ran wata Juma'a da hantsi na bi ta bayan Kusugu zan je aski, sai ga farar mota a ƙofar gidan Idi, bonet a ɗage, ƙafafu sun leƙo daga ƙarƙashinta, na tsoho da na yaro, a jere. Dariya suke yi. Ba murmushi ba, dariya irin wadda mutum yake buga dunduniya a ƙasa. Ban taɓa jin dariyar ɗana ba sai ranar, ashe irin ta mahaifinmu ce, mai shaƙewa a ƙarshe. Na tsaya cak a tsakiyar hanya. Na ji yana cewa, Baba, wallahi ka ɓata mini riga. Idi ya ce ai rigar direba ba ta fari. Ni ne fa na saba faɗa wa Idi wannan maganar, a hanyar Kano, tun bai fara gemu ba. Na so in wuce, sai Idi ya hango takalmina ya jawo jiki ya fito, hannu duk baƙin mai.

"A'a, Yaya! Sannu da zuwa. Zo ka sa mana albarka, ai kai ne malamin."

Yayanku ma ya fito, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Dariyar nan ta ɗauke kamar an kashe rediyo.

"Ina kwana, Alhaji."

"Lafiya," na ce, ina kallon taya. Na taɓa injin da bayan hannu. "Idi, a sanyaye kuka kwance notin? Haka na koya maka? Rabin dattin yana nan kwance a ciki."

"Mun ɗumama ta, Yaya. Surutu ne ya ja mu har ta huce."

"Surutu. To madalla. A ci gaba da surutu."

Ban yi askin ba ranar. Gida na dawo na tura akwatin ƙarƙashin gado da ƙafa, har na fasa babban yatsa. Da la'asar kuma sai ga galan cike da tsohon man da suka juye, wai in ji Idi a kawo wa Yaya ya shafa wa azarar ɗaki saboda gara. Kun san yadda ake rububin tsohon mai a unguwa, mai shafa wa katako, mai shafa wa amalanke, duk wanda aka ba an girmama shi. Ni kuwa ji na yi kamar an ci nama an aiko mini da ƙashi. Su sun sha dariyarsu, ni ga dattin. Na ɗauka na tuttule shi a masai, har galan ɗin na jefa bayan katanga.

Daga nan fa na zama wani iri. Kullum bayan magariba Idi yakan zo da kwanon tuwonsa mu ci tare a zaure, haka muka saba tun dawowarsa. Sai na ga komai nasa haushi yake ba ni, yadda yake tauna, yadda yake tari, yadda yake cewa yaron nan nawa ya tafi Mashi, yaron nan nawa ya samu lodi. Nawa! In motar ta yi hayaƙi in ce aikin Idi ne. In ta yi wuyar tashi da safe in ce Idi bai iya cire iska daga filtar gas ba. Alhali na san ya iya, ni na koya masa. Duk lokacin da juye ya zagayo sai ƙafata ta kai ni bayan Kusugu ba tare da wani dalili ba, in tsaya daga nesa a gindin wata bishiyar darbejiya ina kallon ƙafafun nan, ina cin raina. Mahaifiyarku ce ta fara gano ni. Wata rana na yi wa miyarta faɗa, miyar da ba abin da ta yi, sai ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Alhaji, ba miya ba ce. Kishi kake yi."

"Kishin wa? Ke kina da hankali kuwa?"

"Kishin ƙaninka. Ni da na yi naƙudar yaron na haɗiye, kai da ka yanka rago kawai ka kasa?"

Iya tana bakin ƙofarta tana jin mu, tana ɓare gyaɗa. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"Gaya masa dai. Da ƙyanda ta kama yaron nan wa ya kwana a zaune? Da ya karye a ƙafa wa ya goya shi zuwa gidan maɗori? Kai kana Damagaram kana busa taba. Yanzu da ya yi mota ka tuna kai ka haife shi."

"Iya, ba motar ba ce."

"Na sani. Da motar ce ai da sauƙi."

Maganar Iya ta yi mini zafi don gaskiya ce, amma ba ta kashe komai ba, ƙara hura wutar ta yi. Ni na ce a ba shi? Ita ta ce. Ni na ƙirƙiro kunyar? Tarar da ita na yi. Na bi abin da manya suka shimfiɗa sau da ƙafa, sai ga shi wanda ya bi ya tashi hannu wofi, wanda aka ba kyauta ya tashi da ɗa.

Shekarun nan kuwa wa'azi ya yi yawa a gari, kowane masallaci da nasa malamin, ana ta rarrabe abin da yake addini da abin da yake al'ada. Mota ma sai da aka ce maza gaba mata baya. Wata rana bayan la'asar wani matashin malami a masallacin unguwarmu ya ɗauko maganar kunyar ɗan fari. Ya ce ba ta da tushe a addini, ya ce ɗa ɗa ne, a kira shi da sunansa, a jawo shi a jiki, kuma komai daɗewar riƙo ba ya mayar da ɗan wani naka. Tsofaffi suka yi ta gunaguni, wai yaran zamani za su rushe duniya. Ni kuwa kunnena bai ɗauki komai ba sai wannan ta ƙarshen. Malamin so yake uba ya je ya rungumi ɗansa. Ni abin da na ji shi ne an ba ni hujja a kan Idi. Da zan iya zuwa wurin yaron in ce masa zo, da magana ta ƙare a nan. Amma wa'azin yini ɗaya ba ya kankare abin da aka haife ka a ciki. Wurin yaron ƙafata ba za ta je ba, wurin ƙanena kuwa ai ba kunya tsakaninmu.

Da magariba ya zo da kwanonsa kamar kullum. Na bari muka wanke hannu.

"Idi, juyen da za a yi wa motar nan nan gaba, a ƙofar gidana za a yi shi."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. "To Yaya, sai mu zo mu duka. Ka ga ka huta da leƙe daga gindin darbejiya."

Ashe yana ganina. Kunya da haushi suka haɗu suka hau mini kai, bakina ya riga hankalina.

"Ba ku duka ba. Shi kaɗai. Riƙo na ba ka, Idi, aro ne, ba kyauta ba. Ka ji abin da malam ya faɗa."

Lomar tana hannunsa, bai kai ta baki ba. Ya mayar da ita cikin kwano a hankali. Mutumin da Allah bai ba haihuwa ba, ni na san abin da na taɓa. Na zaci zai yi faɗa, na ma so ya yi, don in samu abin kamawa.

"Gaskiya ne, Yaya," ya ce. "Ɗanka ne."

Ya wanke hannu, ya ɗauki kwanonsa da sauran tuwon a ciki, ya yi mini sai da safe.

Ba a daɗe ba, wata safiya na ji ƙarar motar ta tsaya a ƙofar gida. Yayanku ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce ya kawo mota juye. Ya zo da galan na sabon mai da filtoci a kwalayensu. Na fito da akwatina ina ɗoki kamar sabon ango. Muka bar injin ya yi ɗumi, na shimfiɗa buhuna, na lallaɓa bayana mai ciwo na kwanta, shi ma ya kwanta, amma ya bar tazara tsakaninmu da mutum zai iya shiga. Na sa sifana a notin ƙasa na sassauta, ya tura daro, na ƙarasa da yatsu, mai ya zubo baƙi ƙirin da ɗuminsa, yana gangara mini har gwiwar hannu. Shekara nawa rabona da wannan warin! Na ji hawaye na neman zuwa, na ce ƙura ce ta faɗa mini a ido.

Sai na ga ya tara yatsu biyu a bakin man, ya murza, ya miƙa hannu waje wurin rana yana dubawa ko akwai ɓurɓushin ƙarfe. Haka nake yi, ban taɓa ganin wani direba yana yi ba sai ni. Da muka zo kan filtar mai ta ƙi kwantuwa, kafin in buɗe baki ya jawo tsohon bel ya naɗe ta ya murɗa, ta saki. Ya leƙa ya tabbata tsohuwar robar ba ta manne a jikin injin ba, ya dangwali sabon mai ya shafa wa robar sabuwar, ya ɗaura ta da hannu kawai, bai sa mata ƙarfe ba. Na zo da cikina cike da abin da zan koya masa, na tarar ba abin da ya rage. Duk abin da na buɗe baki zan faɗa, hannunsa ya riga ya yi. Muka fito muka zuba sabon mai, ya zaro sandar awo ya goge ya mayar ya sake zarowa. Ya kwance filtar iska ya canza. Da ya zo filtar gas sai ya cika sabuwar da gas tukuna kafin ya ɗaura, sannan ya sassauta ɗan notin sama ya yi ta danna famfo har kumfa ta daina fita, ya ɗaure. Na kasa haƙuri. Wannan ce doguwar magana ta farko da na taɓa yi masa kai tsaye, kuma filtar nake kallo.

"Wa ya ce maka a cika ta kafin a ɗaura?"

"Baba ne ya koya mini, Alhaji. Ya ce in ba haka ba sai batir ya mutu mota ba ta tashi ba."

"Shi kuma wa ya koya masa?"

"Ya ce kai ne. Kullum sai ya faɗa."

Kuna tsammani wannan ta sanyaya mini rai? Ko kusa. Ni na shuka, wani ya girbe, aka aiko mini da godiya a baki. Hannuna nake gani a jikin ɗana, amma ta hannun wani ya bi ya isa gare shi. Duk aikin nan ba wanda ya yi dariya. Miƙo, ungo, to Alhaji, shi ke nan abin da ya shiga tsakaninmu. Da ya murza makulli motar ta tashi tashi ɗaya, jar fitilar mai ta mutu, na leƙa ƙasa ba ɗigo ko ɗaya, injin yana tafiya sumul. Iya ta leƙo ta ce to an ɗaura aure ke nan, a kawo goro. Na yi ƙarfin hali, ina goge hannu da tsumma, na tambaye shi ko nan gaba ma nan zai kawo.

"Nan zan riƙa kawowa, Alhaji. Baba ya ce daga yau kada in sake kai ta wurinsa. Ya ce in na ɓata maka rai bai yafe mini ba."

To kun ji. Zuwan ma da ya yi, Idi ne ya aiko shi.

Haka aka ci gaba har motar nan ta tsufa aka sayar. Bai taɓa fashi ba, bai taɓa yi mini musu ba, bai kuma taɓa sakin jiki ba. Da an gama ya durƙusa ya yi godiya, ya ja motarsa, ni kuma na san inda za ta tsaya. Idi bai yi gaba da ni ba, kada wani ya gaya muku haka. Suna, biki, rashin lafiya, shi ne na farkon zuwa, yana Yaya kaza Yaya kaza. Amma kwanon tuwonsa bai sake shigowa zauren nan ba. In na aika a kira shi sai ya ce ya riga ya ci. Bai sake cewa yaron nan nawa a gabana ba, sai dai ya ce yaron wajenka. Na samu abin da na nema, na rasa abokin cin tuwo, kuma ko a lokacin in na ga sun jera za su masallaci suna magana ƙasa-ƙasa, sai kishin nan ya taso mini kamar ranar farko.

Da Idi ya kwanta ciwon ajali yayanku ne ya yi ta jinya, shi ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. A zaman makoki muna jere a kan tabarma a ƙofar gidan Idi, daidai inda suke yin juye, ni a gaba shi a gefena. Idanunsa sun kumbura, ko ruwa ya ƙi sha. Ina kukan ƙanena, wallahi ina kukansa, amma a can ƙasan raina ina tambayar kaina ko ran da tawa ta zo idanun nan za su kumbura haka. Ku duba fa, mutum yana cikin ƙasa ina kishi da shi. Sai ga wani dattijo daga Mashi, tsohon maƙwabcinsu, ya sauka daga babur da ƙyar. Ya kama hannuna ya ce Allah ya jiƙan ƙaninka, Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri. Sannan ya juya ya dafa kan yayanku.

"Kai kuma yaro, sai haƙuri. Rashin uba ba ƙaramin abu ba ne. Allah ya jiƙan mahaifinka."

'Yan unguwa duk suka dubo ni, don sun san halina. Na buɗe baki zan gyara masa, maganar har ta zo kan harshena. Sai na juya, karo na farko a rayuwata na dubi fuskar ɗana sosai a gaban mutane. Kansa a sunkuye, hawaye na ɗiga a kan gwiwarsa, ya ɗaga tafukansa yana jiran addu'ar.

Na ɗaga nawa, na ce amin.